Kasuwa da Jama'a: Mene ne haƙƙin al'umma a kan kamfani, kuma ta ina ake kama shi?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, wato abin da 'yan boko ke taƙaitawa da CSR: ɗawainiyar da ke wuyan kamfani game da ma'aikatansa, maƙwabtansa da muhallin da yake cin abinci a ciki. Mun zaɓi shida daga cikinsu.

Ina da injin casar shinkafa da ma'aikata kusan 40. Ba a mako ban samu takardar neman taimako ba: ginin masallaci, ƙungiyar ƙwallo, gyaran kwalbati, kuɗin asibiti. Ina bayarwa daidai gwargwado, amma ƙarshen shekara ban san nawa ya fita ba, kuma har gobe ana cewa kamfanin bai tsinana wa gari komai ba. Yaya zan yi?
*Wani mai injin casa, daga Kura*

Alhaji, Allah ya saka da alheri. Hannunka a buɗe yake, tsari ne babu. Kuɗin da aka yayyafa a wuri talatin ba ya barin alama ko ɗaya, shi ya sa jama'a ba su gani, kai ma ba ka gani.

Fara da littafi. Ka sa akawunka ya tattaro duk abin da ya fita da sunan taimako cikin shekara biyu: wa aka ba, nawa, don me, kuma yau me ya rage a ƙasa. Sannan ka raba shi gida uku. Gida na farko haƙƙi ne: albashi, lafiyar ma'aikata, ƙura da ɓuntu da ruwan turara shinkafa da ke fita daga injinka, hanyar da manyan motocinka ke lalatawa. Wannan bashi ne, ba kyauta ba. Gida na biyu shi ne aikin da jama'a ke amfana, kasuwancinka ma ya amfana. Na uku sadaka ce tsantsa, ta ta'aziyya, gobara da marar lafiya. Yawancin masu masana'anta idan suka yi wannan lissafi sai su tarar kusan komai ya zube a gida na uku, na farko da rami, na biyu kuwa wayam.

Gida na biyu ake nema, kuma ba a ofis ake gano shi ba. Bi sawun buhunka tun daga gona har kanti, kana tambaya a kowace gaɓa: a ina nake asara, kuma wa ke asara tare da ni? Ga mai casa amsar a fili take. Shanshera ce ranka. Idan ta zo da danshi, ruwa ka saya da kuɗin shinkafa. Buhu mai kilo 100 da danshinsa ya kai kashi 20 cikin 100, in ka busar da shi ya sauko kashi 14 da ake so don ajiya da casa, kilo 93 zai rage. Kilo 7 sun bi iska a kowane buhu. Idan an sussuka ta a ƙasa, tsakuwa da yashi su ci maka injin. Idan iri ya gauraya, ƙwayar ba ta zuwa tsayi ɗaya, karyayya ta yi yawa. Shi kuma manomi ana karya masa farashi saboda waɗannan aibobi guda uku. Ka ga wurin da buƙatarka da tasa suka haɗu: tamfol na sussuka da shanya, tsabtataccen iri kamar FARO 44, na'urar auna danshi da sikeli a wurin saye wanda manomi zai gani da idonsa, da malamin gona mai zagayawa. Wannan aiki ba zai mutu ranar da kasuwa ta yi sanyi ba, domin kai ma da shi kake ci.

Abu ɗaya ko biyu za ka riƙe, na shekara uku aƙalla. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Sai kasafi. Ka yanke adadi tun farkon shekara, a ce kashi 1 ko 2 cikin 100 na ribar bara. Shawararmu: kashi 70 na wannan kuɗi ya tafi babban aikin da ka zaɓa, 20 ga buƙatun unguwa, 10 a ajiye don gaggawa. Kuɗin gida na farko ba ya cikin wannan lissafi, yana cikin kuɗin gudanar da kamfani kamar dizal da albashi.

Takardun roƙo kuwa, a yi musu ƙofa guda. Mutum ɗaya ke karɓa yana rubutawa a rajista. Kwamiti na mutum uku zuwa biyar, da wakilin mai unguwa da mace aƙalla ɗaya, ya zauna duk wata uku. A rubuta abin da kamfani ke yi da abin da ba ya yi a takarda guda, a manna a bakin ƙofa da Hausa. Wanda ba a ba shi ba, a amsa masa cikin mutunci, a gaya masa dalili. Shirun da ake yi wa mai roƙo ya fi hana shi ciwo, kuma daga nan ne maganar "bai tsinana komai ba" ke tasowa.

Ina fitar da zakkar dukiyata duk shekara. Ba ta wadatar a matsayin wannan ɗawainiya ba? Ko zan iya gina wa unguwa rijiya da kuɗin zakka in rubuta sunan kamfani?
*Wata mai kamfanin ruwan leda, daga Zariya*

Hajiya, Allah ya karɓa. Amma a raba su. Zakka ibada ce mai iyaka: ɗaya bisa arba'in na kuɗi da hajar sayarwa idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, kuma masu cin ta kashi takwas ne da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Mazhabobin nan huɗu ba su yarda a gina masallaci, hanya ko gada da ita ba, kuma akasarin malamai a nan suke ajiye rijiyar da kowa zai sha, mai kuɗi da talaka. Ki zauna da malaminki kan taki mas'alar. Sannan zakka haƙƙin mabuƙaci ce da ke cikin dukiyarki, bai dace a mayar da ita tallar kamfani ba. Aikin da ake so ya daɗe, irin rijiya ko aji, muhallinsa sadaka mai gudana ko waƙafi, kuma jihohi irin Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi da za su iya rubuta shi yadda ba za a yi rigima a kansa bayan ranki ba.

Abin da zakka ba za ta ɗauke miki ba shi ne ledar da ke ɗauke da sunan kamfaninki tana toshe magudanar ruwa. Nan ne taki ɗawainiyar take. Ki sa direbobin da ke kai ruwa su riƙa dawowa da leda daga manyan masu saye, makarantu, tashoshi da wuraren biki, tunda motar ba komai take dawowa. Ki tsayar da farashin kilo ga masu tsinta, ki biya nan take, ki ƙulla da masu narka leda kafin ki fara tarawa. Wanda ya fara tara leda bai san wa zai saya ba, sai ya wayi gari ya kafa juji a harabar kamfaninsa. Ledar kuma a bushe ake son ta, ba yashi, in ba haka ba farashinta ya faɗi.

Mun ba manoma 300 iri da taki bashi, da alkawarin za su sayar mana da amfanin. Da kaka ta yi, fiye da rabi suka kai kasuwa. Manyanmu sun ce a daina. Ina kuskuren yake?
*Wani jami'in saye a kamfanin fitar da amfanin gona, Dawanau*

Malam, kafin a ce manoma sun ci amana, a duba abu huɗu, domin kusan kullum ɗayansu ne.

Farashi. Idan kun yanke shi tun lokacin shuka, kasuwa ta tashi da kaka, kun ɗora wa manomi zaɓi tsakanin alkawari da abincin gidansa. Abin da ke aiki shi ne a rubuta yadda za a fitar da farashi, ba farashin kansa ba: na kasuwa kaza a ranar awo, da ɗan ƙari a kan kayan da suka cika sharaɗin tsabta da bushewa. Sai lokacin biya. Ɗan kasuwa na zuwa bakin gona da kuɗi a hannu. Kamfanin da zai ce a dawo bayan mako uku ya riga ya faɗi. Biya cikin kwana biyu, ko a hannu ko ta waya, ya fi kowace yarjejeniya ƙarfi. Na uku, yaushe kayan suka isa? Takin da ya zo bayan lokacin sa shi ya wuce bashi ne kawai a wuyan manomi, kuma ba zai ji nauyin biyansa ba. Na huɗu, nawa kuka nema? Kada ku ce duk amfanin naku ne. Ku karɓi adadin buhunan da ya biya bashi, sauran ku nemi a fara yi muku tayi.

Akwai kuma yadda aka ɗebi mutanen. Sunayen da aka karɓo daga hannun wani mai faɗa a ji sukan zo da waɗanda ko fartanya ba su da ita. A auna kowace gona, a ga mai ita. A haɗa su rukuni na 10 zuwa 15 da suka zaɓi junansu, su tsaya wa juna, rukunin da ya biya a ƙara masa badi, wanda bai biya ba a dakatar da shi. Shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya sha fama da rashin biya, kuma cikin dalilan har da yadda da yawa suka ɗauke shi rabon gwamnati. Ku ma idan kuka yi bikin raba kaya da kyamara da jawabai kamar kyauta, kyauta za a ɗauke shi. Ku kira bashi da sunansa.

Ga manyanku kuwa, a tuna musu cewa wannan aiki jijiyar kamfani ce. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, injin ya tsaya don babu abin niƙawa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin fiya-fiya da ake zuba masa a rumbu. Duk asarar nan a gona da wurin ajiya ta faro. Mai fitar da wake da ya raba buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, kasuwarsa yake karewa. Haka mai fitar da gyaɗa da ya koya wa manoma watsa maganin gona da ake kira Aflasafe, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, don rage gubar da ke sa a dawo da kaya daga tashar jirgin ruwa.

Kada ku daina. Ku rage zuwa manoma 100 da suka cika alkawari, ku gyara abubuwan nan, ku faɗaɗa a hankali.

Shin akwai dokar da ta tilasta wa kamfani ware wani kaso don al'umma?
*Wani ɗalibin koyon akanta, daga Katsina*

A Najeriya babu doka guda da ta ɗora wa kowane kamfani kaso. Indiya ce ta yi haka a dokar kamfanoninta ta 2013, inda manyan kamfanoni ke kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribar shekara uku. A nan, ɓangare-ɓangare ne. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa masu haƙar mai zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar shekarar da ta gabata a asusun amana na al'ummar da suke aiki a cikinta, a raba shi 75 ga ayyuka, 20 ajiya, 5 gudanarwa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai an ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara haƙa, a riƙa sake duba ta duk shekara biyar. Bankuna suna da ƙa'idoji tara na kula da muhalli da al'umma da Babban Banki ya fitar a 2012. Wasu kuma su suka ɗora wa kansu, kamar MTN da ke ba gidauniyarsa har kashi 1 cikin 100 na riba bayan haraji.

Abu biyu ka riƙe a matsayinka na akanta. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ba jam'iyyar siyasa gudummawa, don haka kada a shigar da irin wannan kuɗi da sunan taimakon al'umma. Sannan ba kowace kyauta ake cirewa daga haraji ba. A tsohuwar dokar harajin kamfanoni, sai wadda aka ba cibiyoyin da doka ta lissafa, kuma ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na riba. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, don haka a duba nassin da ke aiki a shekarar da ake lissafi, a kuma ajiye rasit na kowace kyauta.

Kamfaninmu ya haƙa wa ƙauyen da ke kusa da mu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Wata takwas ta yi ta tsaya. Yanzu mutanen sun fi jin haushinmu fiye da kafin mu haƙa.
*Wani manajan ma'aikata, daga Gusau*

Haushinsu yana da dalili, Malam: sun saba da ruwa a kusa, wataƙila sun bar tsohuwar rijiyarsu ta rushe. Ku fara da gano abin da ya mutu. Mai gyara ya duba faifan sola da wayoyi, sannan na'urar da ke sarrafa wutar, sannan a ciro famfon. In famfon ya ƙone, galibi ya yi ta juyawa ne babu ruwa, ko yashi ya cinye shi. Na farko yana nufin an sa famfon da ya fi ƙarfin rijiyar, na biyu yana nufin ba a zuba tsakuwar tacewa yadda ya kamata ba ko ba a wanke ramin sosai ba bayan haƙa.

Lissafin da ya kamata a yi tun farko ga shi. Mutum 1,000, kowa lita 20 a rana, lita 20,000 ke nan. Famfon sola yana samun kamar awa shida na rana mai ƙarfi, don haka rijiyar sai ta iya ba da kusan lita 3,300 a awa, wato kusan lita ɗaya a daƙiƙa. A ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, irin ta yawancin Zamfara, Kano da Kaduna, rijiyoyi da yawa ba sa kai wannan, ruwan yana cikin tsagar dutse ne. Shi ya sa ake binciken ƙasa kafin haƙa, bayan haƙa kuma a yi gwajin jan ruwa na awa 24 a rubuta sakamakon, da shi ake zaɓen famfo. A sa na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya ja baya. A kai ruwan ɗakin gwaji. A yankin da ake haƙar zinariya a nemi a auna har da dalma, domin gubarta ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Rijiya kuma ta yi nesa da masai da aƙalla mita 30. Ɗan kwangila kada a biya shi duka, a riƙe kashi 10 cikin 100 sai rijiyar ta ga rani guda.

Amma abin da ya fi kashe rijiyoyin kamfanoni shi ne rashin mai ita. An yanke kyalle, an ɗauki hoto, an tafi, ba wanda ya san wa zai sayi kan famfo in ya karye. Kafin ku gyara, ku zauna da dagaci da masu ɗiban ruwan, waɗanda mata da yara ne da 'yan garuwa. A kafa kwamiti, a sa ɗan kuɗi kaɗan a kan jarka ko a kan gida duk wata, a buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, a koya wa matasa biyu wanke faifai da ƙananan gyare-gyare, a yi shinge da mai gadi saboda ɓarayin sola. A rubuta cewa ƙaramin gyara na gari ne, babba kamar sauya famfo kamfani zai ɗauki wani kaso na shekara uku. Filin ma a samu takardar kyautarsa da shaidu, don kada magada su tashi wata rana su ce rijiyar gidansu ce.

Ina aiki a masana'antar jima. Duk azumi muna raba shinkafa a unguwa, amma ruwan da muke saki yana bi ta bayan gidajen mutane. Raina bai kwanta ba. Me zan gaya wa mai gidana wanda zai saurara?
*Wani ma'aikaci, daga Challawa*

Ranka ya gaya maka gaskiya, ɗan'uwa. Buhun shinkafa ba ya wanke ruwan da ya shiga rijiyar mutum ko gonar da ake ban ruwa da shi. Kuma lafiyarku ku ma'aikata tana gaba da kowace kyauta: safar hannu, takalmin roba, abin rufe hanci, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, fansho da kamfani ke zuba kashi 10 ma'aikaci 8, da kashi 1 cikin 100 na albashi da ake biya asusun NSITF don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Ka je wa mai gidanka da lissafi, cikin ladabi, kai da shi. Fata ba ta shanye duk sinadarin kurom da ake jima da shi, kusan kashi ɗaya bisa uku yana fita da ruwa, kuma da kuɗin waje ake sayo shi. Idan aka ware ruwan gangar kurom a kwatarsa daban, aka zuba masa sinadarin magnesiya, kurom ɗin zai kwanta a ƙasa, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da abin da ya kwanta da asid a mayar da shi aiki. Kuɗin sinadari ya ragu, dafin da ke fita ya ragu. Raba kwatocin yana kuma ceton rai: ruwan cire gashi mai sinadarin salfaid idan ya haɗu da ruwa mai asid yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kashe mutum cikin mintuna a rami ko rufaffen wuri. Kada kowa ya shiga ramin tara ruwa don yashe shi ba tare da an auna iskar ba, da wani a sama riƙe da igiya.

Sannan ka tuna masa da masu saye. Manyan kamfanonin takalma da jaka na Turai suna neman shaidar binciken muhalli irin ta ƙungiyar masu harkar fata ta Leather Working Group kafin su ƙulla ciniki, hukumar kula da muhalli ta NESREA kuma tana da ikon rufe masana'anta. Ka ba shi shawarar a fara da abu uku masu sauƙin aunawa duk wata, a rubuta a allo inda kowa zai gani: litar ruwan da aka kashe a kan kowane tan na fata, yawan kurom a ruwan da ke fita bisa gwajin ɗakin bincike na waje, da adadin koken maƙwabta da kwana nawa aka ɗauka kafin a amsa kowanne. A ɗora wa manajan samarwa alhakin waɗannan alƙaluma, ba jami'in hulɗa da jama'a ba, tunda manajan ne ke riƙe da famfon da ruwan ke fita.